Manhajojin kyauta ga malamar JHS (ƙaramar sakandare) a Aboabo, Ghana

Malama, kin tambayi abin da zai taimaki ɗalibanki masu shirin BECE, jarrabawar kammala JHS, ba tare da cinye data ba. Ki fara da Kolibri, manhajar koyon karatu da ke aiki ba tare da intanet ba. Ki saka shi a kwamfuta, ki sauke darussan lissafi na Khan Academy (shafin darussan kyauta) sau ɗaya inda akwai intanet. Daga nan wayoyin yara za su haɗu da kwamfutar ta wifi, ko babu data. Kada ki sauke komai da komai, bidiyo na cika ma'ajiya. Ki riƙa cajin kwamfutar tun da dare, saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki.

Don gwaji kuwa, Google Forms, shafin Google na shirya tambayoyi, na duba amsoshi da kansa. Sai dai ki yi tambayoyin zaɓi. A amsar rubutu, kuskuren harafi ɗaya zai sa ya hana yaro makinsa, alhali ya gane darasin.