Mu 'yan Zango da bakin teku

Ɗan uwa na ga tambayarka, wai mu Hausawan Akra me ya haɗa mu da teku har nake ta kukan ruwa na cin ƙasa. To gaskiya ba mu da kwale-kwale, su na mutanen Ga ne da Fanti da Ewe, amma bakin ruwan nan kasuwarmu ce.

Kaga ku a Kano bayan sallah kallon hawa kuke tafiya, mu nan yaran unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango trotro (motar haya) suke cikawa sai bakin tekun Labadi, wasu na Bojo wasu na Kokrobite, dattawa ba sa so sam suna ta faɗa a masallaci saboda cakuɗuwa da kiɗa da tsoron kar ruwa ya ja yaro, amma dai ana zuwa. Sannan wa kake zato ke gasa tsiren da ake ci a wurin? Cicinga ake ce masa a nan, kuma sana'ar mutanenmu ce tun kaka da kakanni. Kawuna ya fi shekara ashirin da tukuba a bakin ruwa, Disamba ce kakarsa lokacin da baƙaƙen Amurka da 'yan Ghana mazauna Ingila ke cika gari, balle tun 2019 da gwamnati ta yi musu shekarar dawowa gida. Abin da ya samu a watan nan da shi yake biyan kuɗin makarantar yara.

Inda ya fara kafa tukubarsa yanzu ruwa ne wlh. Sau biyu yana ja baya, yanzu bayansa katangar otal ce ba sauran inda za shi, in ruwa ya ciko da yamma sai kaga masu hayar kujeru da laima suna ta kwasar kaya a guje. In kuma aka yi irin ruwan saman nan mai zuwa lokaci guda, duk sharar kwatocinmu sai ta bi kogin Odaw ta faɗa tafkin Korle ta shiga teku, tekun kuma ya maido mana ita. Na taɓa zuwa taya shi washegarin irin wannan ruwa, leda da gorar roba da tsummokaran gwanjo sun rufe yashin gaba ɗaya, wasu baƙi suka sauko daga mota suka tsaya suka duba suka juya, ranar da naman muka koma gida. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Namu ma da sauƙi in ka je gabas wajen Keta. Tsohon gidan bayi na Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784, wanda baƙi ke zuwa gani, teku ya cinye babban ɓangarensa, ƙauyen Fuveme kuwa ruwa ya tashe shi, a Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta raba dubban mutane da gidajensu a yankin.

Ni dai ba na ɗora wa sauyin yanayi komai da komai, akwai hannunmu a ciki. Dam ɗin Akosombo tun 1965 ya tare yashin da kogin Volta ke kawowa gaɓa, ga masu tifa suna kwasar yashi suna kai wa magina. Amma tekun kansa tasowa yake, ƙanƙarar duniya na narkewa, shi ruwa kuma in ya ɗumama kumbura yake. Yadda hamada ke matso ku ta arewa haka shi ke matso mu ta kudu.

Gwamnati na jibga manyan duwatsu a gaɓa, yana tsare gidaje kam, sai dai ba mai biyan kuɗin shiga ya zo ya zauna kan dutse. Kawu dai ya fara neman wuri a bakin titi wajen unguwar Madina, ya ce in Allah ya kai mu wannan Disambar zai ƙara gwadawa sau ɗaya kafin ya ɗauke tukubar.