Hukuncin Bin Abokan Aiki Zagayen Mashaya Wanda Namiji Mai Shigar Mata Ke Jagoranta

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Manchester, ƙasar Ingila. Wata abokiyar aikinmu Baturiya za ta yi aure, sai matan sashenmu suka shirya mata daren bankwana da 'yammatanci. Aka ce kowa ta kawo fam 35, na bayar tun ban san tsarin ba. Daga baya na gane zagayen mashaya ne a unguwar Canal Street, kuma wani namiji mai shigar mata, irin wanda suke kira dirag kwin, shi zai jagorance mu. Ni ba na shan giya, lemo kawai zan sha. Ni kaɗai ce Musulma a sashen, ina tsoron a ce na ware kaina. Ya halatta in je? In bai halatta ba, yaya zan yi da kuɗin da na bayar, kuma me zan ce musu?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, zuwa wannan zagaye bai halatta gare ki ba, ko da ruwa zalla za ki sha. Kuɗin da kika bayar cikin rashin sani babu zunubi a kanki. Taya amarya murna da ba ta kyauta kuwa halal ne, abin so ma ne.

Bari a fara da surar abin, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba. Kamfanoni ne ke sayar da tikitin irin wannan dare ta intanet. Ana haɗuwa a mashaya ta farko da yamma, a ɗaura wa kowa alama a wuyan hannu, sannan a bi mashaya uku zuwa biyar da ƙafa, a yi rabin awa zuwa awa guda a kowace, a ƙarasa a gidan rawa bayan dare ya raba. Galibi kuɗin tikitin ya haɗa da ɗan kofin barasa mai ƙarfi a wasu tashoshin, wanda ma'auninsa a Ingila mililita 25 ne ko 35. Shi jagoran namiji ne da ya sa gashin kanti da kwalliya da rigar mata da takalmi mai tsini. Aikinsa ya motsa baki yana bin waƙa, ya yi barkwancin da yawancinsa batsa ne, ya shirya wasannin da hukuncin wadda ta faɗi shi ne ta kurɓa, ya kuma riƙa tsokanar mahalarta ɗaya bayan ɗaya. In aka cire giyar aka cire wasan mai shigar matan, babu abin da ya rage a cikin tikitin. Wannan shi ya raba shi da cin abincin rana na ofis a gidan abincin da wasu ke shan giya a wani tebur, wanda malaman zamani da dama suka yi sauƙi a kansa idan akwai buƙata.

Game da giya, Allah bai tsaya ga cewa kada a sha ba. A Suratul Ma'ida, aya ta 90, cewa ya yi "fajtanibuhu", wato ku nisance shi. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar ƙarshe kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Imam Ahmad ya ruwaito irinsa daga Sayyidina Umar. An yi magana a kan wasu hanyoyin hadisin, amma suna ƙarfafa juna, kuma Hafiz Ibn Hajar ya ce isnadin da Nasa'i ya kawo shi da shi mai kyau ne. Ki lura, hadisin da mai zama yake magana, wanda bai kai kofi bakinsa ba. An ruwaito cewa an kawo wa Umar ɗan Abdul'aziz wasu mutane da aka kama suna shan giya, aka ce masa ɗayansu azumi yake yi, bai sha ba. Sai ya haɗa shi da su a horo, ya karanta aya ta 140 ta Suratun Nisa'i: "Lalle ku, in kun yi haka, kamarsu kuke."

A mazhabar Malikiyya ma maganar a fili take. Amsa gayyatar walimar aure wajibi ne, amma mai Risala ya sharɗanta cewa kada a samu wasa shahararre ko munkari bayyananne a wurin, Shehu Khalil ma ya lissafa samuwar munkari cikin abin da ke sauke wajibcin. To in gayyatar da take wajibi tana faɗuwa saboda munkarin da ya shigo cikinta, ina ga gayyatar da ba wajibi ba, wadda munkarin shi ne abin da aka gayyace ki gare shi?

Wani zai kawo hadisin Abu Dawud da ke cewa idan aka yi saɓo a bayan ƙasa, wanda ya halarta ya ƙi shi a zuciyarsa kamar wanda bai halarta ba ne. Wannan a kan wanda saɓon ya riske shi ne a inda yake, bai da ikon hanawa ko tashi. Bai shafi wadda ta san tsari tun mako biyu kafin ranar, ta yi shiri ta hau mota ta je ba.

Sai ɓangare na biyu, wato batun namiji mai shigar mata. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya la'anci maza masu kamanceceniya da mata, da mata masu kamanceceniya da maza. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Huraira la'anar namijin da ke sa tufafi irin na mace da macen da ke sa irin na namiji. A nan akwai rarrabewar da mutane da yawa ke tsallakewa, har su zalunci bayin Allah. Imam Nawawi ya kasa abin gida biyu: wanda aka halitta da laushin murya da tafiya, bai ƙirƙira ba, wannan babu zargi a kansa, da wanda ke ƙaƙalo abin da gangan, shi ne hadisin ya nufa. Wasan dirag ƙaƙalowa ne tsantsa, sana'a ce da ake shiryawa awanni a gaban madubi, kuma da yawa daga masu yinta da rana cikin kayan maza suke yawo. Saboda haka aikin haramun ne, biyan kuɗi don a kalle shi da tafa masa taimako ne a kan saɓo, kuma aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi.

Amma la'anar da ta zo a hadisi a kan siffa take. Ba a ɗauko ta a ɗora wa wani mutum ayyananne. Akwai sahabin da aka sha yi wa bulala saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Don haka bai halatta ki zagi mai wasan ba, ko ki wulaƙanta shi, ko ki yi masa habaici a dandalin WhatsApp na sashenku, balle cutarwa. Kada kuma ki ɗauki gayyatar a matsayin cin fuska ga addininki. A Ingila namiji ya fito da shigar mace a fagen wasa tsohuwar al'ada ce, har a wasannin Kirsimeti da ake kai yara kallo ana yi. Abokan aikinki sun sa sunanki ne don suna ganin ki tasu ce.

Masu cewa "zan je mashaya ta farko kawai in gaisa in fito" su ne suka fi faɗawa cikin matsala, saboda a tashar farko ake raba kofin maraba, a nan jagoran ke gabatar da kansa, a nan ake ɗaukar hoton rukuni da zai hau Instagram kafin ki isa gida. Kuma mai hijabi a tsakiyar wannan taro ita ido zai fara sauka a kanta idan aka zo tsokana. In kin yi dariya kin shiga wasan, in kin ɗaure fuska kin ɓata wa amarya dare, wanda ya fi rashin zuwan naki muni a wurinsu.

Matsalar kuɗi ta fi wannan ɓoyuwa. Al'adar mashaya a Ingila ita ce kowa ya saya wa rukunin gaba ɗaya idan layi ya zo kansa, ko a haɗa kuɗi a hannun mutum ɗaya a riƙa saye daga ciki, ko a raba lissafi daidai a ƙarshe. Ta kowace hanya kuɗin mai shan lemo sai ya shiga giya. Kuma da yake ita ce idonta biyu, ita ake miƙa wa katin biya, ita ake cewa ta ɗauko tire. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas cewa an la'anci mutum goma game da giya, a cikinsu akwai mai ɗaukarta, da mai shayar da ita, da mai sayenta. Mutum na iya shiga uku daga cikin goman nan a dare ɗaya bai ɗanɗana ba. Ga kuma salla: a watan Yuni, misali, rana ba ta faɗuwa a Manchester sai wajen ƙarfe 9:30 na dare, tana kuma fitowa kafin ƙarfe 5 na safe, don haka Magariba a cikin mashaya za ta same ki, Asuba kuma a cikin barcin gajiya.

Fam 35 ɗin da kika bayar, ki je wurin wadda ke tara kuɗin ki nemi a mayar da kasonki cikin kyautar amarya, ko furanni, ko kati. Wannan ya fi neman a dawo miki da shi, domin yana nuna ba rowa ce ta hana ki ba. In an riga an sayi tikiti kuma kamfanin ba ya mayar da kuɗi, ki bar shi ya tafi, babu laifi a kanki tun da ba ki sani ba lokacin da kika bayar. Sai dai kada ki sayar da gurbinki ga wata, kada kuma ki nemo wadda za ki ba kyauta. In masu shirin suka cike gurbin da kansu, wannan nasu ne.

Abin da za ki ce musu kuwa, ki faɗi gaskiya a taƙaice, kuma amaryar za ki fara samu ita kaɗai kafin ta ji a bakin wata. Ya isa ki ce: "Ina taya ki murna ƙwarai. Addinina bai ba ni damar zuwa wuraren shan giya ba, shi ya sa ba za ki gan ni ranar ba, amma ina so in kai ki cin abinci kafin bikin." Ba sai kin buɗe muhawara a kan mai shigar mata ba. Dalilin giya shi kaɗai ya wadatar, gaskiya ne, kuma shi suka fi saurin fahimta. In an tambaye ki kai tsaye kada ki yi ƙarya, ki ce abu ne da addininki bai yarda da shi ba, ki tsaya nan. Ƙirƙiro ciwon kai ko baƙi daga Landan ƙarya ce, kuma ba ta da amfani, domin gayyatar Kirsimeti na tafe, ta bankwana da mai ritaya na tafe. Tun ran gini ran zane: in kin bayyana matsayinki sau ɗaya cikin ladabi, kin huta.

Ki cika alkawarin cin abincin. A titin Wilmslow da ke Rusholme akwai gidajen abincin halal da yawa, ki tambaya kafin ki kama wuri ko suna sayar da giya ko suna barin a shigo da ita, domin wasu suna yi. Allah ya ce a Suratul Mumtahana, aya ta 8, bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. Wanda ke ƙin zama wurin sha ya kamata ya zama shi ne na gaba wajen gaishe da mara lafiya, da kai kyautar haihuwa, da kawo abincin Salla wurin aiki.

Tsoron a ce kin ware kanki damuwa ce ta gaske, amma ba ta kai larurar da ke halatta haram ba, tun da ba rai ko abincinki ne ke cikin haɗari ba. Wannan dare ba ya cikin sharuɗɗan aikinki. Dokar Daidaito ta Birtaniya ta shekarar 2010 ta hana a nuna wa ma'aikaci bambanci ko a tsangwame shi saboda addininsa. In aka fara yi miki haka, ki riƙa rubuta rana da abin da aka ce, ki kai wa shugabar sashe ko ƙungiyar ƙwadagonku. Ki sani kuma dokar nan ɗaya ita ke kare abokan aikinki daga tsangwama a kan jinsi da makamantansa, kuma hukumar kula da ma'aikatan jinya, wato NMC, da ta yi miki rajista tana iya bincikar ma'aikacin jinya a kan abin da ya rubuta a kafofin sada zumunta. Ladabin harshen da shari'a ta umarce ki da shi, shi ne kuma zai tsare miki lasisinki.

Saura mas'aloli biyu da kan biyo baya. Idan sashen na neman wanda zai yi aikin dare ranar, ya halatta ki karɓa. Jinyar marasa lafiya aiki ne halal a karan kansa, niyyarki ladanki da haƙƙin majinyata, ba ki ɗauki nauyin inda wadda ta samu hutu za ta je ba. Ɗaukar su a motarki ki kai su mashaya kuwa bai halatta ba. Amma in ɗayarsu ta kira ki cikin dare ta bugu, ta rabu da sauran, ba ta san inda take ba, taimakonta ya halatta, akwai ma lada, matuƙar ba za ki jefa kanki cikin haɗari ba. Ki aika mata tasi, ko ki je tare da mijinki ko wani muharraminki. In ba ta farkawa ko numfashinta ya yi rauni, a kwantar da ita ta gefe kada amai ya shaƙe ta, a kira lambar gaggawa ta 999 nan take.

Wallahu a'alam.