Ki manna shi a ƙirjinki, 'yar uwa

'Yar uwa, kin ce kin haifi bakwaini, a asibiti an ce ki riƙa ɗora shi a ƙirji jiki da jiki, mutan gida kuma sun ce ki naɗe shi ki kwantar. Wallahi ina karantawa sai da na yi ƙwalla, don abin da aka yi min ke nan.

Cikin hunturu na haihu a gida, a ƙauyenmu can wajen Ringim. Ana yanke cibiya uwar mijina ta sa aka yi wa yarinyar wanka, aka dunƙule ta a zannuwa uku, aka shigo da kaskon garwashi. 'Yar fari ce, wai rashin kunya ne in rungume ta a gaban mutane. Dakashin ma cewa ta yi a tatse a zubar. Tsakar dare na taɓa tafin ƙafarta, sanyi ƙalau kamar gindin randa, kukan ma ba ya fita. Na ce a kai mu asibiti, sai ta ce min, "A kanki aka fara haihuwa?" Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Allah ya yafe mana dai.

Da safe babanta ya samo mota. Aka auna ta, kilo 1.8. Malamar asibitin ta tuɓe ta, daga kunzugu sai hula da safa, ta jingina min ita a miƙe tsakanin nonona, kai a juye gefe, ta ɗaure mu da zani kamar goyo, amma ta gaba. Kafin azahar jikinta ya yi ɗumi, numfashinta ya daidaita. Ruwan nono ma a kwanakin ya sauko sosai.

Ba ƙirƙirar malaman nan ba ce. A Kolombiya aka fara a 1978 saboda kwalabar jarirai ba ta isa, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da bai kai kilo 2.5 ba a riƙe shi haka aƙalla awa 8 kullum. In kin gaji babansa ya karɓa, nawa har rigarsa ya tuɓe ana masa dariya.

Don Allah garwashin nan a fitar da shi, hayaƙin illa ne. Ke ma ki rage kunun kanwa. In kika ga ya ƙi kama nono, ko yana numfashi sama-sama, kar ki jira izinin tsohuwa, ku koma asibiti. Allah ya raya mana shi.