Kun Tambaya, Mun Amsa: Shin Nauyin Waya Shaida Ce ta Ingancinta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano domin in sayi sabuwar wayar salula, sai mai shagon ya ɗora mini guda biyu a tafin hannu, ya ce in ɗauki wadda ta fi nauyi domin ita ce mai ƙwari, marar nauyin kuwa ba za ta jure ba. Mai nauyin ta ɗan fi tsada, shi ya sa na dakata har in ji ta bakinku. Shin da gaske ne nauyin waya yana nuna cewa za ta daɗe?
Daga wata malamar makaranta, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Maganar mai shagon tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa a ɗora ciniki a kanta ba. Nauyin waya yana sanar da mutum abin da aka zuba a cikinta da irin kayan da aka lulluɓe ta da su, amma ba ya sanar da shi ko an haɗa waɗannan kaya da kyau, kuma a wajen haɗin ne ƙwari yake.

Abubuwa uku ne suke ɗauke da mafi yawan nauyin wayar zamani, wato batir, da gilashi, da abin da aka zagaye gefunanta da shi. Batirin da aka rubuta wa 5,000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka), wanda shi ne aka fi samu a wayoyin da ake sayarwa a kasuwanninmu yanzu, yakan kai giram 60 zuwa 75, wanda ya yi kusan kashi ɗaya cikin uku na wayar da nauyinta ya kai giram 200. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda shi ne mai Tecno da Infinix da itel, ya san halin da wutar lantarki take ciki a ƙasashenmu, don haka yake zuba manyan batura har a cikin wayoyinsa masu rahusa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami waya mai araha ta rinjayi mai tsada a kan sikeli. Samsung Galaxy M51 da ta fito a 2020 tana da batir na 7,000 mAh da bayan roba, nauyinta kuwa giram 213 ne, alhali Galaxy S25 Edge ta 2025, wadda aka yi gefunanta da ƙarfen taitaniyum kuma farashinta ya haura dala dubu lokacin da ta fito, giram 163 ce kawai. Da za a bi ma'aunin mai shagonki, ta farkon ce za a ce ta fi daraja, kuma kamfanin da ya ƙera su duka biyun ba zai yarda da hakan ba.

Sai kuma kayan jiki. Idan aka yanko gutsure daidai wa daida, mai santimita ɗaya ta kowace fuska, na robar da ake yin bayan waya da ita zai yi wajen giram 1.2, na gilashi wajen 2.5, na alminiyum 2.7, na taitaniyum 4.5, na ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa kusan giram 8. Wannan ne ya sa iPhone 14 Pro Max ta 2022, wadda aka zagaye ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, ta kai giram 240, amma da kamfanin Apple ya koma taitaniyum a shekarar 2023 sai iPhone 15 Pro Max ta sauko zuwa giram 221. Abin lura shi ne, kamfanin bai ɓoye wannan raguwa ba, ya ma yi tallarta a matsayin ci gaba, domin rage nauyi ba tare da rage ƙarfi ba aiki ne da yake cin kuɗi.

Game da daɗewa kuwa, abin da ya fi kashe wayoyi shi ne faɗuwa, kuma a nan nauyi ba ya taimakon waya ko kaɗan. Ƙarfin da abu yake bugun ƙasa da shi yana ƙaruwa gwargwadon nauyinsa da nisan da ya faɗo, don haka idan waya mai giram 240 da mai giram 120 suka suɓuce daga tsayi ɗaya, ta farkon za ta sha bugu ninki biyu na ta biyun, kuma gilashinta ne zai karɓi yawancinsa. Tulu ya fi jarkar roba nauyi nesa ba kusa ba, amma kowa ya san wanda ake kwasar gutsattsarinsa idan suka faɗo daga kan mai ɗebo ruwa. Wayar da har yau ake buga misali da ita wajen juriya, wato Nokia 3310 da ta fito a shekarar 2000, giram 133 ce kacal. Sirrinta shi ne fuskarta ƙarama ce kuma tana can ciki, jikinta roba ne mai ɗan lanƙwasuwa, kuma idan ta faɗi murfin baya da batir sukan yi tsalle su fita, su tafi da wani kaso na ƙarfin bugun, mai ita ya tsince su ya mayar ya ci gaba da kira. Wayar yau mai gilashi gaba da baya, wadda aka manne ta da gam ta ko'ina, ba ta da wannan mafita.

Akwai kuma batun lanƙwashewa a cikin aljihu. A shekarar 2014 an yi ta ƙorafi a kan iPhone 6 Plus cewa tana lanƙwashewa a daidai wurin maɓallan ƙara sauti. A shekarar da ta biyo baya kamfanin ya gyara matsalar a iPhone 6s Plus ta hanyar komawa wani nau'in alminiyum mai ƙarfi wanda aka gauraya da zinki, tare da ƙara kauri a wuraren da suke da rauni. Gaskiya ne sabuwar ta fi tsohuwar nauyi, amma mafi yawan ƙarin ya fito ne daga sabuwar fuskarta mai jin ƙarfin dannawa, ƙwarin kuwa ya samu ne daga irin ƙarfen da aka zaɓa da kuma inda aka ƙarfafa shi.

Inda maganar mai shagon take tabbata shi ne wayoyin da ake ƙerawa musamman domin masu aikin gini da ma'adinai da makamantansu, waɗanda sukan haura giram 300 saboda an naɗe kusurwoyinsu da roba mai kauri. Su kam nauyinsu na kariya ne, kuma ana ganin kariyar da ido. Idan wayoyi biyun da aka nuna miki ba irin waɗannan ba ne, to ki tambayi girman batirin kowacce, domin a nan ne galibi bambancin nauyin yake, sannan ki duba ko an rubuta musu lambar IP. Lambar farko bayan waɗannan haruffa tana nuna kariya daga ƙura, kuma 6 ita ce ƙololuwa, abin da yake da muhimmanci ga duk wanda ya san ƙurar hunturu a Kano. Ta biyun tana nuna kariya daga ruwa, inda 7 take nufin wayar za ta jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na tsawon minti 30. Ki kuma tambayi masu gyara a kasuwar ko ana samun gilashin fuskar wannan samfuri da batirinsa cikin sauƙi, domin wayar da ba a samun kayan gyaranta takan mutu a faɗuwar farko ko da sauran jikinta lafiya lau yake.

TAMBAYA: Malam, na sha karantawa cewa nauyi ba shi ne inganci ba, kuma na yarda da hakan a tunanina, amma duk lokacin da na ɗauki waya marar nauyi sai in ji raina ya raina ta, kamar dai abin wasan yara ce. Me yake jawo haka?
Daga wani ɗalibin jami'a, Damagaram.

AMSA: Ba kai kaɗai ba ne, ɗan'uwa, kuma abin ba sabo ba ne. Lokacin da iPhone 5 ta fito a 2012 da nauyin giram 112, bayan wadda ta gabace ta mai giram 140, an sami masu saye da yawa a Amurka da Turai suna cewa sun ji ta kamar babu komai a cikinta, alhali ta fi tsohuwar sauri da girman fuska. Hannu ya riga ya koyi darasi tun kafin zuwan waya, domin a yawancin kayan da muka saba da su, tun daga kwado na kulle ƙofa har zuwa awarwaron gwal, wanda aka rage wa kaya shi ne yake yin shafal, don haka sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki wannan ƙa'ida ta ɗora ta a kan na'urar da ba ta bin ta.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan. Tun a shekarar 1891 wani likita Bafaranshe mai suna Augustin Charpentier ya nuna cewa idan aka ba mutum abubuwa biyu masu nauyi ɗaya amma girmansu ya bambanta, zai ji ƙaramin ya fi nauyi, ko da an gaya masa gaskiyar lamarin. Ke nan abin da hannu yake aunawa ba nauyi zalla ba ne, yana auna yadda nauyin ya cika girman abin. Shi ya sa siririyar waya mai gefen ƙarfe take ba da jin cewa a cike take, babbar waya mai bayan roba kuwa, ko da ta fi ta a kan sikeli, sai a ji ta kamar da rami a cikinta, musamman idan bayan yana ɗan lotsawa ko yana ƙara idan an matsa shi. Sanyin ƙarfe da gilashi a tafin hannu ma yana ƙara wannan ji, domin suna janye ɗumin fata da sauri fiye da roba. A zamaninmu kuma Farfesa Charles Spence na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun gano cewa mutane sukan ƙara wa abinci daraja idan an ba su shi da cokali ko kwano mai nauyi, alhali abincin ɗaya ne.

Masu yin kayan jabu sun fahimci wannan fiye da kowa. An sha buɗe fawa banki na jabu a tarar da batir ɗaya tak a ciki, sauran gurabun an cika su da yashi ko guntayen ƙarfe domin mai saye ya ɗaga ya ji nauyi ya gamsu. Duk abin da za a iya ƙara shi da yashi bai cancanci a riƙe shi a matsayin hujja ba. Amma akwai hanya ɗaya da nauyi yake zama shaida ta gaske, musamman ga mai sayen wayar da aka riga aka yi amfani da ita. Kowane kamfani yana wallafa ainihin nauyin kowane samfuri a shafinsa na intanet, don haka idan ka cire wa wayar riga ka ɗora ta a kan ƙaramin sikeli na lantarki, irin na masu sayar da gwal, ka ga ta kauce wa adadin da aka wallafa da giram masu yawa, to akwai dalilin yin bincike, domin ko dai kwaikwayo ce, ko kuma an canja mata batir ko fuska ko baya da waɗanda ba na asali ba. Bambancin giram ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, kuma daidaituwar nauyi ita kaɗai ba ta wanke waya daga zargi, sai an haɗa da duba lambar IMEI, wato lambar shaida ta musamman da kowace waya take da ita, wadda take fitowa idan an danna *#06#, a gwada ta da wadda take jikin kwali.

TAMBAYA: Ina kasuwancin atamfa ta WhatsApp, kuma wayar tana hannuna kusan yini guda. Tun da na sayi babba nake jin ciwo a wuyan hannu da ɗan ƙaramin yatsa. Shin nauyinta ne?
Daga wata 'yar kasuwa, Zangon Kumasi.

AMSA: Hajiya, yana iya zama shi ne, amma ba adadin giram kaɗai ake dubawa ba, har da inda nauyin ya taru. Manyan wayoyin yanzu suna da tarin kyamarori a sama, wanda yake sa kan wayar ya riƙa rinjaya baya, sai yatsu su yi ta aikin riƙe ta ba tare da mai ita ta lura ba, kuma yawancin mutane a kan ɗan ƙaramin yatsa suke tokare gindinta. Faɗin wayar ma yana da nasa, domin idan ta fi ƙarfin tafin hannu sai babban yatsa ya riƙa miƙewa fiye da ƙima kafin ya kai ɗaya gefen. Sannan akwai rigar waya da gilashin kariya, waɗanda sukan ƙara giram 30 zuwa 50 idan rigar mai kauri ce, ta yadda wayar giram 220 za ta iya zama ta 260 a hannu.

Ba na ba ki shawarar cire rigar, tunda babbar waya ita ce ta fi bukatarta. Abin da ya fi shi ne ki riƙa riƙe ta da hannu biyu, ko ki manna mata zoben riƙewa a baya domin nauyin ya koma tsakiyar hannu, ki jingina ta a kan wani abu idan za ki daɗe kina duba hotuna, ki kuma yi amfani da saƙon murya a inda rubutu zai yi tsawo. Idan lokacin canja waya ya zo, ki nemi wadda ba ta kai giram 200 ba, ki riƙe ta da hannu ɗaya a shagon na 'yan mintuna kina rubutu kamar yadda kike yi kullum, domin ɗagawar farko ba ta nuna gajiyar da take zuwa daga baya. Idan kuwa ciwon ya haɗa da dindiris ko mutuwar yatsu, ko ya ƙi lafawa bayan kin rage riƙon na mako biyu, to ki je asibiti a duba jijiyoyin hannun.