Yara masu araha ko tsofaffin hannu: wa ƙungiyar ƙwallon kwando za ta ɗauka?

Tambaya: Malam, kullum muna musu a gidan kallo a nan Agege. Wasu sun ce ƙungiyar NBA ta tara yara masu ƙaramin albashi, wasu sun ce sai gogaggu ake cin kofi. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafin kuɗi ne ke raba wannan gardama. NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na da iyakar albashi da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya, a kakar 2024-25 kusan dala miliyan 140. Yaron da aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa kwantiragin shekara 4 yake samu, farashinsa a rubuce, kuma ƙungiya na da ikon sallamarsa bayan shekara 2. Wanda ya yi shekara 10 kuwa yana iya lashe kashi 35 cikin ɗari na iyakar shi kaɗai. Ka tara irinsa uku, da me za ka biya sauran? Tun yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da ƙungiyar 'yan wasa ma, wanda ya wuce gona da iri ba tara kawai zai biya ba, har cinikin 'yan wasa ake ɗaure masa hannu. Phoenix ta haɗa taurari uku masu babban albashi, Durant da Booker da Beal, a 2025 ko wasannin fitar da gwani ba ta kai ba.

Amma araha ba ta ado idan yara ne zalla. A wasannin fitar da gwani, ƙungiya ɗaya za ka kara da ita har sau bakwai, kocinta ya haddace rauninka. Yaro sai yawan keta da zubar da ƙwallo, ya manta wanda yake tsaro. Philadelphia ta gwada, ta ci wasa 10 kacal cikin 82 a 2015-16.

Abin da Oklahoma City ta yi shi ne daidai. Ta ɗauki kofin 2025 Jalen Williams da Chet Holmgren suna kan kwantiraginsu na farko, rarar kuɗin ta ɗauko Isaiah Hartenstein, ta kuma kawo Alex Caruso, mai tsaron da ya riga ya ci kofi da Lakers a 2020. Sai dai garaɓasar ba ta daɗewa: shekara ta biyar, yaron da ya yi fice zai nemi kashi 25 ko fiye.

Babban kuskure shi ne musanya damar zaɓen sababbin 'yan wasa na gobe da tsohon suna. Brooklyn ta yi haka a 2013 don ta ɗauko Garnett da Pierce daga Boston, dukansu sun kai 35. Da waɗannan damammaki Boston ta samu Jaylen Brown da Jayson Tatum.

Masu goyon bayan tsofaffi a gidan kallonku za su kawo Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, da ya ci kofi a 1994 da 1995 ya haura 30. Gaskiya ne. Ka dai tuna musu Houston ce ta ɗauke shi yana yaro a 1984, ba sayo shi ta yi ba.