Mai taɓin hankali a hannun hukuma: tambayoyinku da amsar likita

Tambaya daga wata uwa a Marwa: Likita, ɗana ya daɗe yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Ya bar shan magani, ya fasa shagon maƙwabci, yanzu yana hannun jandarmomi. Me zan yi?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abu na farko shi ne ki tattara katin asibitinsa da takardun magani da kwalayen da suka rage, ki kai wa jami'in da ke binciken, ki kuma nemi likita ya duba shi, domin dokar shari'ar laifuka ta Kamaru ta 2005 ta ba wanda ke tsare wannan dama. Alƙali ba ya hukunci da abin da unguwa ta sani, sai da abin da aka rubuta aka ajiye a gabansa. Sashe na 78 na kundin laifuka ya ɗauke alhaki daga wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya raba da ikon kansa, ko ya hana shi gane cewa abin da yake yi laifi ne, amma wannan sai likita ya tabbatar da halin da yake ciki a lokacin da abin ya faru. Ki je wurin maƙwabcin da dattawan unguwa kan maganar ɓarnar, domin shi ma yana da haƙƙi. Kada kuma a bari maganin ya yanke a ɗakin tsaro, saboda yankewar ce kan dawo da ciwon.

Tambaya daga wani malami a Garwa: Gidan kaso bai fi turu ba ga wanda danginsa suka gaza?

Malam, a ganina dukansu biyu ba magani ba ne. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 kan kula da fursunoni, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Mandela, sun ce wanda ciwonsa ya yi tsanani, kuma zaman kaso zai ƙara masa, asibiti ya kamata a mayar da shi. Cunkoso da zafi da rashin barci suna rura ciwon, kaɗaici kuwa ya fi su duka. Matsalarmu a nan arewacin Kamaru ita ce babban wurin kula da irin wannan ciwo, asibitin Jamot, yana Yawunde, tafiyar da talaka ba ya iya ɗauka kowane wata. Gyaran da nake ganin ya fi gaggawa bai kai gina sabon kaso tsada ba: a duba lafiyar ƙwaƙwalwar kowa ranar da aka shigar da shi, a horar da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci bisa mhGAP, tsarin kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008, a kuma sallami mutum da magani a hannu da ranar komawa asibiti. Kundin laifuka na 2016 ya tanadi aikin al'umma a madadin ɗauri kan ƙananan laifuka, saura a riƙa amfani da shi.

Tambaya daga Kusuri: Shin masu wannan ciwo duk masu haɗari ne?

A'a. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 300 na da ciwon sikizofireniya, wato taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyi ko ganin abin da babu shi, kuma galibinsu ba sa cutar da kowa. Su ne ma aka fi duka da tsangwama. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan aka bar magani, ko aka haɗa da wiwi ko taramol.

Tambaya daga wata matar aure a Gaundare: Maigidana yana ƙin ƙwayoyin saboda suna sandarar masa da jiki. Mu koma ruƙiyya kawai?

Hajiya, addu'a ba ta hana magani, sai a haɗa su. Sandarewar jiki da rawar hannu sanannun illoli ne na magunguna irin su haloperidol, kuma likita na iya rage yawansa, ko ya sauya shi, ko ya ƙara wani da ke sassauta jikin. Akwai kuma allurar da ake yi kamar sau ɗaya a wata ga wanda haɗiyar ƙwaya kullum ke yi wa wuya. Ki raka shi asibiti cikin makon nan, ki faɗa wa likita da bakinki abin da kike gani a gida.