Amsa ga Hajiya: shin karatun labari yana taɓa ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Hajiya, na saurari muryarki tun ɗazu a kan ƙanwarki, cewa ba ta barci, tana cikin bargo da waya tana karanta littattafan soyayya har asuba, sai an kira ta sau uku kafin ta amsa, kuma duk manemin da ya zo sai ta ce bai yi mata ba. Kika tambaya ko ki ƙwace wayar, kuma wai da gaske ne karatun labari yana taɓa ƙwaƙwalwa. To ni ba likita ba ne, adabi nake koyarwa, don haka ta nan zan ɓullo miki. Ku yi haƙuri da ni, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Wannan kuka naki ya girmi waya nesa ba kusa ba. A 1605 wani mutumin Sifaniya, Miguel de Cervantes, ya fitar da littafin Don Quixote, kuma kacokan a kan wannan matsala ya gina shi. Wani dattijo ne ɗan kimanin shekara hamsin a yankin La Mancha, yana da ɗan rufin asiri, ba shi da mata, ba shi da wani aikin kirki. Sai ya faɗa karatun littattafan barade, irin na jarumi mai sulke da ke yawo yana ceton gimbiya yana kashe dodanni. Har gonakinsa ya riƙa yanka yana sayarwa don ya sayi littattafai. Ya kwana yana karatu, ya wuni yana karatu, har marubucin ya ce rashin barci da yawan karatu suka busar masa da ƙwaƙwalwa. Kin ji, Hajiya, rashin barci ya fara ambata. Ki riƙe wannan.

Shi ke nan, bawan Allah ya tono sulken kakanninsa da ya yi tsatsa, ya hau wani ramammen doki, ya fita gyara duniya. Kowa ya san labarin injinan niƙa masu aiki da iska da ya ɗauka Samudawa ne ya auka musu da mashi. Ya ga garken tumaki ya ce rundunar yaƙi ce. Ya ga wanzami ya kifa tasarsa ta tagulla a ka saboda yayyafi, ya ce kwalkwalin sihiri ne, ya ƙwace. Duk wannan abin dariya ne. Amma akwai wani wuri da ni ba ya ba ni dariya ko kaɗan. Ya tarar da wani manomi ya ɗaure yaronsa mai kiwo a jikin bishiya yana zabga masa bulala, ga shi yana riƙe masa ladan wata tara. Don Quixote ya zare ido, ya sa manomin ya rantse zai biya, sai ya kaɗa dokinsa ya tafi yana murna, don a littattafansa in mutum ya rantse, magana ta ƙare. Yana ɓacewa manomin ya sake ɗaure yaron, ya yi masa dukan da ya fi na farko. Can gaba suka sake haɗuwa, yaron ya roƙe shi cewa ko ya ga ana yanka shi gunduwa-gunduwa, don Allah kada ya sake taimakonsa. Wato niyyarsa mai kyau ce, amma mutumin da ke gabansa bai gani ba, na cikin littafi yake gani.

Yanzu ga inda ya shafi tambayarki. Me mutanen gidansa suka yi? Abin da kike shirin yi. Limamin cocin garin da wanzami, da 'yar 'yar'uwarsa da mai aikin gidan, suka shiga ɗakin karatunsa yana barci, littattafai manya sama da ɗari, suka riƙa wurgo su ta taga tsakar gida, aka cinna musu wuta. Abin ban dariya ma, limamin duk ya karanta su, yana ɗauka yana cewa a'a, wannan kam a bar shi, yana da daɗi. Sannan suka toshe ƙofar ɗakin da gini, suka shafe. Mutumin ya tashi yana lalube bango da hannu yana neman ƙofa, aka ce masa wani matsafi ne ya zo ya ɗauke ɗakin dungurungum. To kin ga, sun yi masa magani da irin ƙaryar da ke cikin littattafan, sai abin ya ƙara tabbata a ransa. Ya yi kwana goma sha biyar shiru, sannan ya sulale da dare, wannan karon ma har da ɗan rakiya, maƙwabcinsa Sancho. Littattafan sun riga sun koma cikin kansa, wuta ba ta kai can.

Mu ma ai an gwada. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano. Yau ga su nan cikin waya, sun fi da yawa.

Littafi na biyun ya fi kusa da zancen ƙanwarki, Madame Bovary, na Gustave Flaubert, Bafaranshe, ya fito a 1857. Emma 'yar manomi ce, aka kai ta makarantar kwana ta 'yan sista tana shekara goma sha uku. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa ɗinkin zannuwa, tana ɓoye littattafan soyayya a aljihu tana ara wa manyan 'yan mata a asirce. A nan Emma ta koyi yadda miji ya kamata ya kasance. Sai ta auri wani ma'aikacin lafiya na ƙauye, Charles, mutum mai haƙuri, yana sonta kamar ransa, amma ba ya iya hira, ya ci abinci ya kwanta ya yi minshari. Ta zauna tana jiran abin da ta karanta ya zo, bai zo ba. Ta sayi taswirar birnin Faris, ta shimfiɗa, tana bin tituna da ɗan yatsa, tana tsayawa a ƙofar gidajen da ba ta taɓa gani ba. Ni wannan ɗan yatsan ya fi tsaya mini a rai fiye da duk abin da ya biyo baya.

Surukarta ta ce karatun banza ne ya lalata ta, ta je da kanta shagon hayar littattafai a birnin Rouen ta ce a daina ba ta. Bai hana komai ba. Emma ta shiga bin maza, ta shiga cin bashin kayan ƙawa a hannun wani ɗan kasuwa mai daɗin baki, bashi ya kai faran dubu takwas, kuɗin Faransa na lokacin, aka zo kwashe kayan gida, ta sha guba ta mutu. Mijin ya bi ta ba da daɗewa ba, 'yarsu ƙarama ta ƙare a masana'antar auduga tana leburanci. Gwamnatin Faransa ma ta maka marubucin a kotu a kan ɓata tarbiyya, aka wanke shi, shari'ar ta ƙara wa littafin kasuwa.

Abin da nake so ki lura, su biyun nan zaman kashe wando ya fara cin su kafin littafi. Dattijon ba aiki, ba iyali. Emma ba sana'a, ba ƙawa, ba inda za ta, taga kawai take leƙe. Littafi ya tarar da ɗaki fayau ne ya shimfiɗa tabarmarsa. Shi ya sa nake tambaya, ita ƙanwar taki, daga safe zuwa dare me take yi? Ta gama makaranta tana zaune ne? Wa take hira da shi a gidan?

Kuma kada mu yi saurin cewa duk mai karatu idonta a rufe yake. Jane Austen, Baturiyar Ingila, tana da Northanger Abbey da ya fito a 1817. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, ta ƙoshi da labaran ban tsoro, ta je baƙunta wani tsohon gida, ta ga takarda a cikin kabad da dare, ta kwana jikinta na rawa, gari ya waye ashe lissafin kayan wanki ne. Ta zargi maigidan da kashe matarsa, ta sha kunya. Amma daga baya mutumin nan da ya gano ba 'yar masu kuɗi ba ce, ya kore ta da sassafe, ita kaɗai, ba rakiya. Bai yi kisa ba, amma mugu ne, kuma zuciyarta ta gaya mata gaskiya tun farko. To wataƙila cikin maneman nan akwai wanda ƙanwarki ta hango abin da ku ba ku hango ba. A tambaye ta dalili, ɗaya bayan ɗaya. In ta ce wancan ya fiye ƙarya, wannan magana ce. In ta ce ba shi da dogon hanci da kamfani a Dubai, to nan ne za ku zauna.

Ni a ganina kada ki ƙwace, za ta ari ta ƙawa, kuma kin rasa amanarta. Ki ce ta turo miki wanda ta fi so, ki karanta, ku yi gardama a kansa, ki tambaye ta wannan jarumin ina yake samun kuɗi tunda kullum yana waya da budurwa. Maganar barci kuwa ba wasa, a yi yarjejeniya a ajiye waya a falo da dare, har taki, Hajiya. In kuma kika ga ta daina cin abinci, ta daina wanka, ko tana magana ita kaɗai, wannan ya wuce adabi, a kai ta asibiti.

Malam da ya tambaya a sama ko akwai Don Quixote da Larabci, akwai, fassarar Abdurrahman Badawi. Littafin ƙato ne, kashi na biyu ma sai 1615 ya fito, amma ka fara da babi takwas na farko, farkon labarin yaron, da ƙona littattafan, da injinan niƙan duk suna ciki. Sai da safenku.